Amurka: ana shari'a kan ruwan kogin Platte, kifayensa kuwa ba su da lauya

A watan Yulin 2025 jihar Nebraska ta kai maƙwabciyarta Kolorado ƙara gaban Kotun Ƙolin Amurka, tana zarginta da tare mata ruwan kogin Platte ta Kudu. Gwamna Jim Pillen da babban lauyan gwamnatin jihar, Mike Hilgers, sun ce Kolorado na barin manomanta da biranenta suna ɗibar ruwan da yarjejeniyar 1923 ta ce na Nebraska ne. Sun kuma ce tana kawo cikas ga wani babban kanal da Nebraska ke son haƙawa, wanda bakinsa zai kasance a cikin ƙasar Kolorado. Majalisar dokokin Nebraska ta riga ta ware wa aikin dala miliyan 628, wato sama da miliyar 300 na kuɗin sefa. Gwamnan Kolorado Jared Polis da nasa babban lauyan, Phil Weiser, sun musanta zargin, suna cewa jiharsu ba ta karya wata ƙa'ida ba.

Shari'a irin wannan ba ta saurin ƙarewa. Nebraska ta taɓa kai jihar Wayomin ƙara kan ɗaya reshen kogin a 1934, ba a yanke hukunci ba sai 1945. Ta sake komawa kotu a 1986, aka yi shekara 15 kafin a sasanta a 2001. Saboda haka lauyoyi za su daɗe suna lissafin lita nawa ke ƙetare iyaka a kowane sakan, kuma a wane wata. Abin da ba ya cikin lissafin shi ne halin kogin kansa: cikar da yake yi sau ɗaya a shekara, da lakar da yake ɗauka, da rairayin da yake sauya wa wuri. Da waɗannan abubuwa kifayen Platte suka rayu, kuma su ne mutane suka shafe sama da shekara ɗari suna kashe kuɗi don kawar da su.

Faɗi ba zurfi

Sunan kogin daga Faransanci ya fito. Wasu fatake Faransawa biyu, wa da ƙane, Pierre da Paul Mallet, da suka ratsa yankin a 1739, su suka laƙaba masa kalmar da ke nufin shimfiɗaɗɗe. Ba su ƙago komi ba, domin mutanen Oto da Omaha da ke zaune a can da ma shimfiɗaɗɗen ruwa suke ce masa, kuma daga kalmarsu aka samo sunan Nebraska.

Rassa biyu ne suka haɗu suka yi shi, dukansu daga manyan duwatsun Kolorado. Platte ta Arewa tana fara yin arewa, ta shiga Wayomin, ta lanƙwasa a birnin Casper, sannan ta gangaro kudu maso gabas ta shiga Nebraska, tafiyar da ta haura kilomita 1,100. Platte ta Kudu, wadda ake shari'a a kanta, tana ratsa tsakiyar birnin Denver, ta bi ta Sterling da Julesburg, kilomita wajen 700. Suna gamuwa a yammacin Nebraska, daga nan kogin ya yi gabas kimanin kilomita 500 ya zuba a Misuri kudu da birnin Omaha, Misuri kuma ya kai ruwan Misisipi. Ƙasar da ke zuba masa ruwa ta fi jihohin Damagaram da Maraɗi faɗi idan an haɗa su.

Da ya baro duwatsu, sai ya shiga manyan filayen ciyawa na tsakiyar Amurka, ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda a da mutum kan yi kwanaki bai ga itace ba sai bakin rafi. Duwatsun suna tare hadarin da ke fitowa daga yamma, shi ya sa yammacin Nebraska ba ya samun ruwan sama da ya wuce milimita 400 a shekara, kusan kamar Tawa, alhali gabashinta na samun wajen 800, kusan kamar Gaya. Ke nan asalin ruwan kogin dusar ƙanƙara ce da ke taruwa a kan duwatsu lokacin sanyi, ta narke a watannin Mayu da Yuni. A zamanin da, nan ne kogin ke cika ya batse, ja wur da laka, ya tumɓuke duk wani tsiro da ya fito a kan rairayi, ya kwashe wannan tudu ya aje shi can. Daga Agusta sai ya janye, ya rarrabu gida-gida kamar kitso, ƙananan hanyoyin ruwa suna haɗuwa suna rabuwa tsakanin tsibiran yashi. Faɗinsa a wasu wurare ya haura kilomita ɗaya da rabi, zurfin kuwa sau da yawa bai kai gwiwa ba. Jirgin ruwa bai taɓa cin moriyarsa ba. Amma kwarinsa ya zama hanya: dubban ɗaruruwan Turawa masu ƙaura zuwa yamma sun bi gefensa da amalanke tsakanin shekarun 1840 da 1860, layin dogo ya biyo sawunsu, kuma kafin ƙarshen shekarun 1870 an kwashe mutanen Pawnee, masu ƙasar, an kai su Oklahoma.

Wanda ya san gulbin Maraɗi ba zai sha wuyar gane wannan kogi ba: gado mai faɗi na rairayi, ruwa mai zuwa da ƙarfi a lokacinsa, da wani ruwan da ke gudana a ɓoye ƙarƙashin yashi bayan na sama ya ƙafe.

Kifin da aka yi don laka

A ruwan da hannu ke ɓacewa da an tsoma shi, ido ba ya da wani amfani sosai. Da yawa daga kifayen asali na Platte ƙananan idanu ne da su, suna neman abinci da gashin baki irin na tarwaɗa, wasu ma fatar jikinsu na ɗauke da abin ɗanɗano kamar na harshe. Suna jure zafin da ke haura digiri 30, da sanyin da ke daskarar da saman kogin, da ruwa mai gishiri-gishiri na kududdufin da ya saura bayan janyewa. Akwai manya a cikinsu, kamar dangin tarwaɗar da Nebraska ta ayyana a matsayin kifin jiha a 1997, wanda masu fatsa ke kamawa har gobe. Amma mafi yawa ƙanana ne, tsawon yatsa ko tafin hannu, masu launin azurfa, irin waɗanda ba mai sayensu a kasuwa. Su ne abincin manyan kifaye da tsuntsaye, kuma a kansu ne aka fi ganin abin da ya sami kogin.

Dalilin yana cikin yadda suke hayayyafa. Wasu daga cikin waɗannan ƙananan kifaye ba sa gina sheƙa, ba sa manna ƙwai a jikin dutse ko ciyawa, tun da gadon da ke motsi kullum zai binne shi. Suna jiran ruwa ya ƙaru, su saki ƙwan a tsakiyar igiya. Ƙwan ya sha ruwa ya kumbura, nauyinsa ya zo kusan daidai da na ruwan, sai ya riƙa tafiya a rataye, bai nutse ba bai taso ba, muddin ruwan na gudu. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan kuma su ƙara kwana biyu ko uku ruwa na tafiya da su kafin su iya iyo su nemi gefe. A ƴan kwanakin nan ruwa ya kai su nesa ƙwarai. Idan sun girma sai su yi ta haurawa sama, su maye gurbin iyayensu. Yawancinsu ba sa wuce shekara biyu ko uku a duniya.

Wannan dabara tana buƙatar abu ɗaya da ba a saye da kuɗi: dogon kogi wanda ba a datse ba. Masu bincike na jami'ar jihar Kansas sun duba kogunan filayen ciyawa a 2011, suka ga cewa kowane irin waɗannan kifaye yana da iyakar tsawon da ba ya rayuwa a ƙasa da shi, daga kilomita ɗari da ƴan kai ga wasu zuwa kusan 300 ga wasu. Idan tazarar da ke tsakanin madatsa da madatsa ta gaza haka, ƙwan na faɗawa cikin tafki mai kwantaccen ruwa, ya nutse, laka ta rufe shi. Wanda ya tsallake shingen siminti ya sauka ƙasa kuwa, ba ya iya komowa. Ba a ganin gawa, ba a jin wari. Shekara biyu ko uku a jere ba a sami sabon zubi ba, irin ya ƙare daga wannan yanki. A Kolorado yanzu haka, biyu daga cikin ƙananan kifayen Platte ta Kudu suna cikin jerin dabbobin da jihar da kanta ta ce suna gab da ɓacewa.

Wani zai ce ai kogin kan ƙafe tun kafin a gina madatsa ko ɗaya. Gaskiya ne, matafiyan ƙarni na 19 sun bar labarin shekarun da suka tarar da rairayi tsura a ƙarshen lokacin zafi. Kifin Platte ba shi da hikimar gaiwa da ke shiga laka ta kwanta har damina ta dawo. Abin da yake yi shi ne gudu: ya fake a gurbi mai zurfi, ko a bakin wani rafi mai idon ruwa, in ruwa ya dawo ya sake bazuwa. Fari a wancan zamani yana rage kifi, hanya a buɗe take ya komo. Yau fari na tarar da shi a tsare tsakanin shinge biyu. A 2012 kogin ya ƙafe daga wajen Kearney har zuwa Columbus, tazarar da ta haura kilomita 150, kifi manya da ƙanana suka mutu birjik a kan yashi. A 2022 ma an sake ganin gadon a bushe kusa da Columbus.

Sarkin kifayen wannan ruwa shi ne farin esturjan, dangin kifin nan da ake cire ƙwansa a sayar da tsada a ƙasashen Turai da sunan kabiya. Jikinsa fari-fari ne, ba shi da ɓawo irin na karfasa sai layukan ƙashi kamar sulke, hancinsa faffaɗa kamar shebur, bakinsa a ƙasa. Yana iya haura mita ɗaya da rabi, ya yi kilo 30, ya rayu shekaru da dama. Macen ba ta fara ƙwai sai ta daɗe, bayan nan ma ba kowace shekara ba. Gwamnatin tarayya ta sa shi cikin jerin masu gab da ƙarewa a 1990. Gidansa Misuri ne da Misisipi, amma yana shiga ƙarshen Platte, wanda yana cikin ƴan wuraren da suka rage masu kama da tsohon Misuri kafin a matse shi tsakanin bango biyu don jiragen kaya. Ƴaƴansa sun fi na ƙananan kifayen daɗewa a kan igiya, sama da kwana goma, tafiyar ɗaruruwan kilomita. A can saman Misuri an gano cewa suna ƙarewa ne a bakin tafkunan madatsa, inda ruɓaɓɓiyar laka ta shanye iskar da ke cikin ruwan ƙasa, su shaƙe. Shi ya sa yawancin waɗanda ke cikin kogi yanzu a gidajen ƙyanƙyasar gwamnati aka haife su, kamar na Gavins Point a Dakota ta Kudu, aka sako su. A 2010 sai da aka hana masu su na kasuwa kama wani ƙanensa mai kama da shi a wuraren da suke zaune tare, saboda ana haɗawa da farin a cikin taru.

Inda ruwan ya tafi

An kammala madatsar Pathfinder a Wayomin a 1909. Guernsey ta biyo a 1927, Alcova da Seminoe a ƙarshen shekarun 1930, Glendo a 1958. Mafi girma ita ce Kingsley a Nebraska, ta 1941, wadda tafkinta na McConaughy ya kai kilomita 35 a tsawo kuma yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyar biyu. Aikinsu duka ɗaya ne: su kama cikar Mayu da Yuni, su sake ta kaɗan-kaɗan a Yuli da Agusta lokacin da masara ke jin ƙishirwa. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan ana tare shi ko a karkatar da shi kafin ya iso tsakiyar Nebraska.

Sannan ga na ƙasa. A ƙarƙashin filayen akwai taskar ruwa ta Ogallala, wadda ta ratsa jihohi takwas, kuma mafi yawan ruwanta a ƙarƙashin Nebraska yake. Wani manomi mai suna Frank Zybach ya sami takardar mallakar wata na'ura a 1952, dogon bututu a kan ƙafafu da ke zagaya rijiya yana yayyafi. Ita ce ta zana da'irorin nan kore da ake gani daga jirgin sama, ita ce kuma ta kai Nebraska ga ban-ruwan sama da hekta miliyan 3, akasari masara da waken soya, na abincin shanu da man etanol. To, ruwan rijiya da na kogi a ƙasa mai rairayi tukunya ɗaya suke. In an zuƙe na ƙasa, na sama ya bi shi. Dokokin jihohin sun daɗe suna yi kamar ba su san haka ba. Sai a 2004 Nebraska ta yi dokar da ta haɗa lissafin biyun, aka kuma ayyana cewa a saman Platte an raba ruwan da ya fi wanda ke akwai. A 2006 Kolorado ta rufe rijiyoyin ban-ruwa sama da 400 a kwarin Platte ta Kudu ana tsakiyar noma. A ƙasar da ke kudu da Platte, wajen kogin Republican, wani bincike na 2017 ya nuna cewa zuƙar ruwan ƙasa ta kashe rafuka masu tsawon kilomita 558 tsakanin 1950 da 2010.

Abin mamaki, ban-ruwan ya sa wasu sassan da a da ke ƙafewa sun koma suna da ɗan ruwa duk shekara, domin abin da aka zuba a gona yana tsiyayowa ya komo. Sai dai ruwa ne siriri, garai-garai, mara ƙarfi. Babu cikar da za ta share tsiro, saboda haka itatuwa suka kafu a kan tsibiran, saiwoyinsu suka ɗaure yashin, kogin ya tsuke ya yi zurfi. Hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ta auna a 1978, ta ga cewa a wani dogon yanki faɗin gadon ya koma kashi ɗaya cikin biyar, ko ma cikin goma, na yadda yake a 1865. Daga baya wata doguwar ciyawar ruwa da aka shigo da ita daga Turai ta mamaye abin da ya saura, har ana fesa mata magani da jirgi mai saukar ungulu. Mutanen Komadugu da na Hadeja da Nguru sun san wannan ciwo, domin haka kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga da Calawa sun sauya lokacin cika da janyewa.

Ruwa mai haske yana da nasa masu cin riba. An zuba wa tafkunan kifayen da ke farauta da ido, waɗanda masu fatsar nishaɗi ke biyan kuɗin lasisi don kamawa. A ƙasan madatsar Kingsley, inda ruwa ke fitowa daga can ƙasan tafki da sanyi, har kifin ƙoramun duwatsu ake kiwo. Ɗan ƙaramin kifin da laka ke ɓoyewa ya zama a fili. An kuma saki wani ɗan kifi baƙo a shekarun 1970 don ya ci tsutsar sauro, ya ɓuge da korar wani na asali daga fadamu. Masunci zai iya cewa kifi ya ƙaru, kuma in da kilo ake aunawa, ba lalle ya yi ƙarya ba.

Tsuntsu ya samo wa kogi kujera

Kafin ruwa ya sami mai kare shi a gaban hukuma, sai da aka bi ta kan tsuntsu. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu, gauraki masu launin toka sama da rabin miliyan ke sauka a tsakiyar Platte, tsakanin Lexington da Grand Island, kan hanyarsu ta zuwa Kanada da Alaska da Saberiya. Da rana suna kalar masara a gonaki, da dare suna kwana tsaye cikin ruwa iya idon sawu, a fili mai faɗi inda dila ba ya iya yi musu sanɗa. Akwai kuma farin gauraka, wanda garkensa mai ƙaura bai kai 20 ba a 1941, yanzu ya haura 500. Baƙi na zuwa kallo daga ko'ina, otal-otal na cika, kuma kowane ɗan siyasa a jihar ya san haka.

Dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1973 ta ba da sanda. Da ita aka tilasta wa masu gina madatsar Grayrocks a Wayomin biyan dala miliyan 7.5 a 1978 don kula da mazaunin gauraki. A 1990 gwamnatin tarayya ta hana Denver gina babbar madatsar Two Forks. Da jihohin uku suka ga kowane aikin ruwa zai riƙa maƙalewa, sai suka zauna da gwamnatin tarayya suka kafa wani shiri na haɗin gwiwa da ya fara aiki a 2007, aka kuma tsawaita shi zuwa 2032. Alkawarin farko shi ne a rage giɓin ruwan tsakiyar kogin da kubik mita miliyan 160 zuwa 185 a shekara, a kuma tanadi fili kimanin hekta 4,000. Dabbobi huɗu aka ambata: tsuntsaye uku da farin esturjan. An ga amfani, domin ɗaya daga cikin tsuntsayen an cire shi daga jerin masu ƙarewa a 2021. Amma yawancin aikin na katafila ne: a sare itace, a nome tsibiri, a zuba yashi. Injin yana yin aikin da ambaliya ke yi kyauta, kuma yana iya gyara wa tsuntsu wurin kwana. Ba ya iya ɗaukar ƙwan kifi ya kai shi kilomita 200. Ƙananan kifayen sun shiga lissafi ne kawai a matsayin abincin tsuntsu.

Ruwan sanyi da kowa ke so

Yarjejeniyar 1923 ta raba shekara biyu. Daga 1 ga Afrilu zuwa 15 ga Oktoba, idan ruwan da ke wuce ma'aunin Julesburg ya gaza lita 3,400 a sakan, wato tano 17, dole Kolorado ta dakatar da masu ɗiba na wannan yanki waɗanda haƙƙinsu ya zo bayan 14 ga Yunin 1897. A yammacin Amurka haka dokar ruwa take: wanda ya riga ɗiba shi ke da gaba, ko da gonarsa na can ƙasa. A sauran watannin, Nebraska na da damar lita 14,000 a sakan, amma da sharaɗin ta gina kanal da zai ɗauke shi daga kusa da garin Ovid a Kolorado, kuma takardar ta ba ta ikon sayen fili ko karɓarsa da ƙarfin doka a ƙasar maƙwabciyarta. An taɓa fara haƙa kanal ɗin a 1894, kuɗi suka ƙare aka watsar. Gwamna Pete Ricketts ne ya tono maganar a Janairun 2022, yana cewa Kolorado na da ɗaruruwan ayyukan ruwa a takarda waɗanda za su shanye kusan duk abin da ke ƙetarowa.

Tsoron Nebraska ba na banza ba ne. Mutanen Kolorado wajen miliyan 6 ne, mafi yawansu a gindin duwatsu suke, cikin kwarin Platte ta Kudu, har ta kai ana jawo musu ƙarin ruwa daga bayan duwatsun ta ramukan da aka fasa a ƙarƙashi. Birane na sayen gonaki don haƙƙin ruwansu, suna tace ruwan da suka yi amfani da shi su sake sha maimakon su sake shi ya gangara. A can ƙasa kuwa, biranen Lincoln da Omaha suna shan ruwan rijiyoyin da aka haƙa a rairayin Platte. Manoman arewa maso gabashin Kolorado su ma suna da tasu hujjar. Ruwan sanyin da Nebraska ke kira rara, su da shi suke biyan bashi: suna karkatar da shi cikin kududdufai ya nutse, ya tsiyayo kogi a lokacin zafi ya maye abin da rijiyoyinsu suka zuƙe. In kanal ya ɗauke shi, wasu rijiyoyin za su rufe. Da irin wannan dabara ce ma Kolorado ke cika wani ɓangare na alkawarinta ga shirin 2007.

Nebraska na cewa kanal ɗin zai zo da tafkuna, a adana ruwan sanyi a sake shi lokacin da kogi ke ƙafewa, kuma hakan zai taimaki manomi da birni da dabba. Ga kifin da ke mutuwa a kududdufin Agusta, wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai duk ɓangarorin biyu abu ɗaya suke so su yi da ruwan: su kama shi, su aje, su sake shi daidai wa daida. Sun saɓa ne kawai kan wanda zai riƙe makulli. Duk wanda ya ci shari'ar, za a ƙara shinge a kan Platte ta Kudu ko a ƙara kududdufai a gefenta, kuma ɗan abin da ya rage na hawa da sauka zai ƙara kwanciya.

A nan ne labarin ya shafi mai karatu a Maraɗi ko Difa. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Najeriya ta yi magana kan raba ruwan Magiya, da gulbin Maraɗi, da Tagwai, da Komadugu cikin adalci, kuma tun da aka gina barajin Jibiya, zuwan ruwa a gulbi ya rataya a wani ɓangare kan lokacin da aka buɗe ƙofa. Barajin Kandaji ma, in ya kammala, aikinsa shi ne ya rage cikar kogin Isa ya ƙara ruwan rani. Tarwaɗa da dangoginta da sabon ruwa suke haurawa fadama su yi ƙwai. Takardar da ta faɗi yawan ruwa ba ta faɗi ranar zuwansa da ƙarfinsa ba, ta bar masunci a waje. Bambancin shi ne a Nebraska ba wanda tukunyarsa ta dogara da waɗannan ƙananan kifaye, a Madarunfa da Boso kuwa akwai.

Yankin da ya fi riƙe kamanninsa na da shi ne ƙarshen kogin, daga Columbus zuwa Misuri. Abin da ya cece shi ba yarjejeniya ba ce. A arewa maso yammacinsa akwai tuddan rairayi masu faɗin murabba'in kilomita wajen 50,000, waɗanda ciyawa ta rufe, ƙasar da ba ta nomuwa sai kiwo. Suna shanye ruwan sama kamar soso, su sake shi a hankali cikin kogin Loup, wanda ba ya ƙafewa ko a shekarar fari. Loup da Elkhorn ne ke mai da wa Platte ruwa da laka, kuma daga nan babu wata babbar madatsa har bakin Misuri. A wannan yanki ne masu bincike ke kama farin esturjan, su sa masa alama su sake shi. Kafin a haƙa kanal ɗin, ko da kotu ta ba Nebraska gaskiya, sai ta sami izinin injiniyoyin sojan Amurka masu kula da koguna, su kuma doka ta wajabta musu su tambayi hukumar kifi da namun daji abin da aikin zai yi wa gauraka da esturjan, ɗaruruwan kilomita daga Ovid.